Da gaske ne kan shayi Amurka ta yaƙi Ingila?

Wani ƙanina ɗalibi ne ya turo min wannan tambayar: "Malam, wai da gaske ne kan harajin ganyen shayi Amurkawa suka yaƙi Ingila har suka samu 'yancin kai? Su wane ne kuma mutanen nan da ake cewa su suka kafa ƙasar? Sannan na ji an ce da yawansu suna da bayi, to ta yaya mai bayi zai riƙa kukan 'yanci?"

Toh ƙanina tambaya uku ka dunƙule min wuri ɗaya kuma ko wacce sai an zauna, don haka ka yi haƙuri da tsawon rubutun, fannin nan na daɗe ina koyar da shi kuma bana son in ba ka rabin magana ka tafi da ita.

Maganar shayi tukunna. A'a ba kuɗin shayi ba ne, abin da ma zai ba ka mamaki shi ne dokar shayin da aka yi rigima a kanta a 1773 sauke farashi ta yi ba ƙarawa ba. Asalin rigimar ita ce waye ke da ikon sa hannu a aljihunka, kuma da yardar wa. In ka riƙe wannan sauran labarin zai zo maka da sauƙi, har da ɓangaren da ba shi da daɗin ji.

Turawan Ingila sun fara zama na dindindin a can ne a 1607 a Jamestown cikin Bajiniya, wasu suka sauka Plymouth a 1620, a hankali a hankali yankunan suka kai 13 a jere a gaɓar tekun Atlantika. Ko wane yanki da gwamnansa, amma kuma da majalisarsa wadda mazauna wurin suke zaɓa (maza farare masu abin hannu dai), kuma wannan majalisar ce ke sa harajin cikin gida, a wurare da dama ma ita ke biyan gwamna albashi, kaga kenan gwamna ba zai cika ɗaga musu murya ba. Sama da shekara 100 Landan ta ƙyale su a haka, ita dai a kai mata taba da shinkafa da katako a sayi kayanta shi ke nan. Mutanen nan kuwa talakawan sarkin Ingila suka ɗauki kansu kuma suna alfahari da hakan, mai gonar taba a Bajiniya kallon baƙo yake yi wa ɗan kasuwar Boston, babu wani abu wai shi ƙasar Amurka a ransu.

Yaƙi da Faransa ne ya dagula lissafin. A 1754, shekarar da aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo in kana son ka auna lokacin da namu tarihin, wani matashin hafsa ɗan shekara 22 mai suna Joj Washinton ya kai wa wata tawagar Faransawa hari a dajin Ohio, daga nan wuta ta kama har ta zama babban yaƙi tsakanin Ingila da Faransa a nahiyoyi da dama. Ingila ta ci a 1763 ta karɓe Kanada, amma bashin da ke kanta ya kusa ninkawa, ga kuma sojoji wajen 10,000 da take son ta ajiye a Amurka. Sai 'yan majalisar Landan suka ce ai don kare ku aka yi wannan yaƙin, ku ma ku kawo naku. Kuma in za a yi adalci maganarsu ba shirme ba ce, don talakan Ingila a lokacin harajin da yake biya ya ninka na ɗan Amurka nesa ba kusa ba. A wannan shekarar kuma sarki ya ja layi a kan duwatsun Appalachia ya ce kada Bature ya ƙetara yamma ya kafa gida, don a zauna lafiya da 'yan asalin ƙasar waɗanda ake ce wa Indiyawan Amurka, wannan ya ƙona wa masu harkar filaye rai sosai, kuma Washinton yana cikin masu wannan harkar. Ba a cika faɗin wannan ba amma yana cikin dalilan.

A 1765 aka kawo harajin kan sarki, wato duk takardar kotu, lasisi, jarida, har katin karta sai an biya an buga mata hatimi. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma ka duba su wa abin ya taɓa: lauyoyi, masu buga jarida, 'yan kasuwa, wato daidai mutanen da suka iya magana da rubutu. Hujjarsu ɗaya ce, ba mu da wakili ko ɗaya a majalisar Landan don haka ba ta da hurumin ɗora mana haraji, majalisunmu ne kawai ke da wannan ikon. Kamar mutum ne ya buɗe rumbunka ba da izininka ba ya ɗebi tiya guda ya ce ai kaɗan ce, kai kuma ba tiyar ce ta dame ka ba, ya aka yi mabuɗin ya koma hannunsa. Aka ƙaurace wa kayan Ingila, 'yan zanga-zanga suka farfasa gidajen jami'ai a Boston, masu karɓar harajin suka ajiye aiki don tsoro, 'yan kasuwar Landan da kansu suka roƙi a janye. An janye a 1766 amma a rana ɗaya majalisar ta yi wata dokar da ke cewa tana da ikon yi musu doka a kan komai da komai. Kaga an cire harajin an bar rigimar.

1767 aka sake dawowa da haraji kan gilashi, fenti, takarda da shayi, 1768 aka jibge sojoji a Boston, ran 5 ga Maris 1770 taron jama'a suka yi ta jifan wasu sojoji da ƙanƙara da sanduna sojojin suka buɗe wuta mutum 5 suka mutu, cikinsu har da Crispus Attucks, ma'aikacin jirgin ruwa mai jinin Afirka da na 'yan asalin ƙasar. A nan ne nake son ka fara sanin Jon Adams. Shi yana cikin masu adawa da Ingila, ɗan'uwansa Samuel Adams ma shi ne uban masu hura wutar a Boston, amma da aka rasa lauyan da zai tsaya wa sojojin nan shi ya karɓi shari'ar, gari duk yana zaginsa, ya ce ko wanda aka tsana yana da haƙƙin a yi masa shari'ar gaskiya. An wanke kyaftin ɗin da sojoji 6, biyu aka same su da kisa ba da niyya ba. Ni a wurina wannan aikin yana cikin mafi girman abin da wani daga cikinsu ya yi, kuma tun kafin a fara yaƙi ne.

Yanzu shayin. An janye sauran harajin a 1770 aka bar na shayi kaɗai, kwabo 3 a kan ko wane laba, da gangan, don a nuna ikon yana nan. A 1773 kamfanin Ingila da ke mulkin kasuwancin Indiya ya kusa karyewa ga shayi jibge a sito, sai majalisa ta ba shi dama ya kai shayin Amurka kai tsaye ya sayar da araha ta hannun wakilansa. Masu adawa suka ce tarko ne, in ka sayi mai arahar ka biya kwabo ukun to ka amince da ikon kenan, 'yan fasa-ƙwaurin shayin Holan su ma suka ga kasuwarsu za ta mutu, biyun suka haɗu. A Niyok da Filadelfiya an juya jiragen sun koma, a Boston gwamna Thomas Hutchinson ya ce jirgi ba zai fita ba sai an sauke kaya, 'ya'yansa kuwa suna cikin wakilan kamfanin. Daren 16 ga Disamba 1773 wasu mutane suka yi shigar Mohawk, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar, suka hau jirage 3 suka zubar da akwati 342 a teku. Washinton bai goyi bayan ɓarnar ba, Benjamin Faranklin ma cewa ya yi a biya kamfanin. Da Landan ta yi sanyi a nan wataƙila da abin ya lafa, amma sai ta rufe tashar jiragen Boston gaba ɗaya, ta ƙwace wa Masachuset yawancin ikon mulkin kanta, ta naɗa janar ɗin soja gwamna. Sauran yankunan suka ce in an yi wa Boston yau gobe mu ne, a Satumba 1774 wakilan yankuna 12 suka haɗu a Filadelfiya, Jojiya ce kawai ba ta zo ba. Hukuncin ne ya haɗa kansu ba shayin ba.

Harbin farko ran 19 ga Afrilu 1775 ne a Lexington da Concord, sojoji sun fita ƙwace makaman 'yan sa-kai, manoma suka bi su da harbi ta bayan katanga da itatuwa har Boston. Duk da haka fa sama da shekara guda ana yaƙi ba a ce an balle ba, a Yuli 1775 ma takardar neman sulhu suka aika wa Sarki Joj na Uku ya ƙi ko karɓa ya ce 'yan tawaye ne. Wanda ya juya tunanin talakawa wani baƙo ne, Tomas Pen, da bai fi shekara ɗaya da 'yan watanni da zuwa daga Ingila ba, a Janairu 1776 ya fitar da 'yar ƙasida da harshen da kowa ke ganewa yana cewa matsalar ba ministoci ba ne sarautar ce kanta, kuma ba hankali a ce tsibiri yana mulkin nahiya. An karanta ta a shaguna da mashaya da sansanin soja. Ran 2 ga Yuli 1776 wakilan yankunan suka kaɗa ƙuri'ar ballewa, ran 4 aka amince da takardar shelar, yawancin mutum 56 da suka sa hannu sai 2 ga Agusta suka sa, kuma kowannensu ya san in aka ci su da yaƙi igiya ce, don cin amanar sarki ne.

Tomas Jefason ne ya rubuta daftarin yana da shekara 33, Adams da Faranklin suka yi masa gyara. Mafi yawan takardar jerin laifukan sarki ne, amma 'yan layukan farko su ne suka rayu: cewa an halicci dukkan mutane daidai, Mahaliccinsu ya ba su haƙƙoƙin da ba mai ƙwacewa, rai da 'yanci da neman jin daɗin rayuwa, kuma gwamnati daga yardar waɗanda take mulka take samun ikonta, in ta zama mai rusa waɗannan haƙƙoƙin jama'a na da damar canza ta.

Yaƙin kansa ba zan daɗe a kai ba. Washinton, wanda aka naɗa kwamandan rundunar Amurka, ya sha kashi fiye da yadda ya ci, an kore shi daga Niyok a 1776, sojojinsa suna ta guduwa, sai a daren Kirsimeti ya ƙetare kogin Delaware cikin ƙanƙara ya kama sojojin haya na Jamus wajen 900 a Trenton, wannan ya dawo wa mutane da rai. Gwanintarsa ita ce ya hana rundunar watsewa shekara takwas, ba albashin kirki ba takalmi, a sansanin Valley Forge kaɗai kusan mutum 2,000 cuta da yunwa da sanyi suka kashe, kuma shi ya sa aka yi wa sojoji rigakafin agana a 1777 lokacin da abin ke da haɗari. Amma gaskiyar da ya kamata ka sani ita ce ba don Faransa ba da wuya su kai labari. Bayan rundunar Ingila ta miƙa wuya a Saratoga a Oktoba 1777, Faranklin, tsoho mai shekara 70 da ɗoriya wanda ya fara rayuwa a matsayin yaron maɗaba'a, ya shawo kan fadar Faransa ta shiga yaƙin a fili a 1778, Sifaniya ta biyo a 1779, aka ja Holan ciki a 1780. A Yorktown a Oktoba 1781 jiragen ruwan Faransa ne suka toshe teku, sojojin Faransa da na Amurka suka kewaye Janar Cornwallis na Ingila ta tudu har ya sallama. An sa hannu kan sulhu a Faris a Satumba 1783. Kuma ba kowa ne ɗan kishin ƙasa ba, kusan ɗaya cikin biyar na fararen suna bayan sarki, an ƙona gidajen wasu an ƙwace dukiyarsu, wajen 60,000 suka bar ƙasar. 'Yan asalin ƙasar kuwa su suka fi kowa asara, a 1779 Washinton ya tura runduna ta ƙone garuruwan ƙabilun Iroquois wajen 40 da gonakinsu, a takardar sulhun kuma Ingila ta miƙa ƙasarsu har kogin Misisipi ba a ko ambaci sunansu ba.

Inda Washinton ya cancanci sunan da ake ba shi ba a fagen daga ba ne, bayan yaƙin ne. A Maris 1783 hafsoshinsa a sansanin Newburgh sun fusata, an daɗe ba a biya su ba, majalisar Amurka ba ta da ko sisi, wata takarda mara sa hannu tana yawo tana zuga su kada su ajiye makami sai an biya su, wato dai ƙofar juyin mulki a buɗe take kuma shi kaɗai ake jira. Ya shigo taron ba zato ya yi musu magana ba su wani sauko ba, sai ya ɗauko wata wasiƙa zai karanta ya kasa gani, ya zaro tabarau wanda yawancinsu ba su taɓa ganinsa da shi ba, ya ce su yi masa uzuri, a hidimar ƙasar nan ya yi furfura yanzu ga ido ma yana tafiya. Nan maganar ta mutu. Ran 23 ga Disamba 1783 ya je gaban majalisa a Annapolis ya miƙa takardar muƙaminsa ya koma gonarsa. Ƙanina mu da muka ga juyin mulkin 1966 a Najeriya da Ghana, muka ga na 1974 a Nijar, ba sai an yi mana dogon bayani kan nauyin wannan ba. Turai ma Cromwell, janar ɗin da ya karɓe mulkin Ingila, bai sauka ba, Napoleon kuwa sarauta ya naɗa wa kansa a 1804. Washinton ya sake sauka da kansa a 1797 bayan wa'adi biyu a matsayin shugaban ƙasa na farko, alhali babu dokar da ta hana shi zarcewa a lokacin.

Bayan 'yanci ƙasar ta kusa wargajewa, kuma dalilin shi ne dai haraji. Tsoron gwamnati mai ƙarfi ya sa tsarin farko bai ba gwamnatin tsakiya ikon karɓar haraji ba sai dai ta roƙi jihohi, kuɗin takardar da ta buga suka zama banza, a 1786 manoman Masachuset da bashi ya ci, da yawansu tsofaffin sojoji, suka ɗauki bindiga suka rufe kotuna. Shi ya sa a bazarar 1787 wakilai 55 suka kulle kansu a ɗaki a Filadelfiya kusan wata huɗu. Jems Madison, ɗan ƙaramin mutum mai ƙaramar murya wanda ya zo da karatun tsofaffin jamhuriyoyi a kansa, shi ya kawo zanen farko. Tunaninsa shi ne kada ka gina gwamnati kan fatan shugabanni za su zama mutanen kirki, ka raba ikon uku, masu yin doka da masu zartarwa da kotu, ko wanne ya zama yana iya taka wa ɗaya burki. Manyan jihohi suka ce a raba kujeru bisa yawan jama'a ƙananan suka ce sam, aka sasanta da majalisa biyu, ta wakilai bisa yawan jama'a, ta dattawa ko wace jiha kujera 2. In wannan ya yi maka kama da abin da ka sani to ba mamaki, irin wannan tsarin Najeriya ta ɗauka a 1979 ta bar na firaminista, shi ya sa yau Kano da Bayelsa duk sanata uku-uku ne. Mutum 39 ne suka sa hannu a kundin tsarin mulkin ran 17 ga Satumba, George Mason ya ƙi don babu jerin haƙƙoƙin ɗan ƙasa a ciki, Patrick Henry ya yaƙi kundin a Bajiniya, kuma matsin irin waɗannan ne ya haifar da gyare-gyare 10 na 1791 da suka tsare 'yancin magana da na addini da na jarida da shari'ar adalci. Don haka su ma masu cewa a'a ɗin suna cikin waɗanda suka gina ƙasar.

Tunda na taɓo addini bari in ɗan ratse. Kundin ya hana a gindaya sharaɗin addini kafin mutum ya riƙe muƙamin tarayya, abin da ba a saba gani ba a Turai ta wancan lokacin. Jefason ya sayi fassarar Alƙur'ani ta Turanci tun 1765 yana ɗalibin lauya, kuma da yake bayani kan dokar 'yancin addini ta Bajiniya ta 1786 ya ce an yi ta ne ta kare Bayahude da Kirista da Musulmi da Bahinde. Sarkin Maroko Sidi Muhammad bin Abdullah kuma tun Disamba 1777 ya buɗe wa jiragen Amurka tashoshinsa, aka yi yarjejeniyar abota a 1786. Amma Musulmin da ke cikin Amurka a lokacin kusan dukkansu bayi ne da aka kwaso daga Afirka ta Yamma, wannan 'yancin bai iso gare su ba.

Kada kuma ka ɗauka kansu a haɗe yake. Alekzanda Hamilton, maraya daga tsibiran Karebiyan wanda ya zama ministan kuɗi na farko ya kafa bankin ƙasa ya sa tarayya ta ɗauki bashin jihohi, shi da Jefason ba sa ga maciji, daga rigimarsu jam'iyyu suka fito. Zaɓen 1800 an yi zage-zage na fitar hankali tsakanin Adams da Jefason, Adams da ke kan kujerar shugaban ƙasa ya faɗi kuma ya tattara ya bar fadar a Maris 1801, mulki ya koma hannun 'yan adawa ba a zubar da jini ba. Hamilton kuwa mataimakin shugaban ƙasa mai ci, Aaron Burr, shi ya harbe shi a fito-na-fito a Yuli 1804, 'yan watanni bayan hijirar Shehu zuwa Gudu.

Sai tambayarka ta uku, wadda ita ce ta fi nauyi, kuma ka sani ba yau aka fara yin ta ba, a 1775 marubucin Ingila Samuel Johnson ya tambaya ya aka yi masu kora bayi su ne suka fi kowa ihun 'yanci. A 1776 mutanen yankunan 13 wajen miliyan biyu da rabi ne, kusan ɗaya cikin biyar bayi. Jefason da ya rubuta an halicci kowa daidai ya mallaki sama da mutum 600 a tsawon rayuwarsa, 'yan kaɗan ya 'yanta dukkansu daga dangin Sally Hemings, baiwar da akasarin masana tarihi suka yarda shi ne uban 'ya'yanta, bayan mutuwarsa kuma aka yi gwanjon mutum 130 a 1827 don biyan bashinsa. Masu cewa ai zamaninsu ne haka, ban yarda da su ba, don mutanen sun sani. Jefason da hannunsa ya sa sakin layi na la'antar cinikin bayi a daftarin shelar majalisa ta goge. Jon Adams bai taɓa mallakar bawa ba. Faranklin ya taɓa mallaka daga baya ya shugabanci ƙungiyar yaƙi da bauta ya kai koke majalisa a 1790. Washinton ya yi wasiyyar a 'yanta bayi 123 da suke nasa na kansa, amma shi ɗin dai da wata baiwar gidansa Ona Judge ta gudu a 1796 ya yi ta aike a kamo ta. Sun san zalunci ne, dukiyarsu da matsayinsu ne ke kai, kuma suna tsoron jihohin kudu su fice.

Su bayin ba zama suka yi suna kallo ba. Wajen baƙaƙe 5,000 sun yi yaƙi a ɓangaren Amurka, amma waɗanda suka gudu wajen Ingila sun fi haka yawa, don tun Nuwamba 1775 gwamnan Bajiniya Lord Dunmore ya yi shelar 'yanci ga bawan ɗan tawaye da ya zo ya ɗauki makami. Bayan yaƙi an kwashe wajen 3,000 zuwa Nova Scotia a Kanada, a 1792 kusan 1,200 daga cikinsu suka tsallako Saliyo suka kafa Freetown, cikinsu akwai Harry Washinton wanda daga gonar Joj Washinton ya gudu. Wasu kuma kalaman iyayen gidan suka ɗauka suka juya musu. Elizabeth Freeman baiwa ce a Masachuset, ta ji ana karanta cewa an haifi kowa ɗa kuma daidai, ta nemi lauya ta kai ƙara ta ci a 1781, cikin 'yan shekaru bauta ta mutu a jihar. Pensilbaniya ta fara sokewa a hankali a 1780, zuwa 1804 duk jihohin arewa sun kama hanya. Mata ma haka, Abigail matar Jon Adams ta rubuta masa a Maris 1776 cewa su tuna da mata a sabbin dokokin ya mayar da abin wasa, sai 1920 mata suka samu ƙuri'a a faɗin ƙasar.

A kudu kuwa kundin 1787 ƙarfafa bautar ya yi. An yarda a ƙirga bayi biyar a matsayin mutum uku wajen rabon kujerun majalisar wakilai, kuma mutane suna yawan fahimtar wannan a juye, masu bayin ne suke son a ƙirga su cikakku don bawa ba ya zaɓe, duk ƙirgen da aka yi masa ƙarin kujera ne ga ubangidansa. An hana majalisa ta haramta shigo da bayi daga Afirka har 1808, an kuma wajabta mayar da bawan da ya gudu wata jiha. Cikin shugabanni 5 na farko 4 masu bayi ne daga Bajiniya, su suka riƙe 32 cikin shekara 36 na farko. Da yawansu sun ɗauka bautar za ta mutu da kanta, sai aka ƙirƙiro injin gurzar auduga a 1793 auduga ta zama zinariya, bayi kusan 700,000 da aka ƙirga a 1790 suka kai kusan miliyan 4 a 1860. Yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 ne ya kawo ƙarshenta, ya ci sama da mutum 600,000, aka soke bautar a kundin a Disamba 1865.